Dan Allah a taimaka: fiƙihu na kaina amma gado ya kada ni a bak bulan

ɗan_Garin_Malam ya rubuta:

Slm ƴan uwa, barkanku da zahi. Ni ɗalibi ne a tarminal, franko-arab, nan cikin Damagaram, kuma abin da ya kawo ni wlh kwana uku kenan ya hana ni barci. Ranar Litinin aka maido mana kopi na bak bulan, wato jarabawar gwaji kafin bak ta gama lise, a dirasat islamiyya na samu 7 bisa 20. Ni da tun ina ɗan shekara shida nake zaure, na sauke, na yi Ahalari na yi Ishmawi har na shiga Risala wurin malamin unguwarmu, ko tsakar dare ka tada ni ka ce farillan alwala nawa ne zan jero maka su bakwai ban buɗe ido ba, amma da aka aje min sije, wato takardar tambayoyi, a gabana sai kaina ya ɗauke kamar an ɗauke wuta.

Sije ɗin kashi uku ne. Sira, hadisi, sai mas'alar gado. A sira an ce in faɗi sharuɗɗan sulhun Hudaibiyya da abin da musulmi suka amfana da shi, ni kuma na ɗauko tun daga hijira na cika shafi biyu ina murna, mushe, malaminmu na aji, ya ja jan bik tun daga sama har ƙasa ya rubuta cewa na hita daga maudu'i. Hadisi na ɗan taɓuka. Gado kuwa ko alama, mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗiya maza biyu da mace guda, na san mata tumuni gare ta, kashi ɗaya cikin takwas, na san uwa sudusi, ɗaya cikin shida, daga nan na tsaya ina kallon takarda har sirbeyan mai tsaron jarabawa ya ce a aje bik.

Sauran wata biyu da ƴan kwanaki a yi na gaske. Da safe ni ke tahiya neman ruwa da bido kafin in wuce lakkol, da marece ina taya baba zama a kasuwar Dole, dare kuma in akwai wuta to, in babu sai tocilan waya har ta mutu. Inna ba ta da magana sai ta Say, kullum sai ta ce ɗanta jami'ar musulunci ta garin Say zai tahi, ban ma iya gaya mata wannan bakwai ɗin ba har yanzu.

To tambayata, yaya zan raba wannan lokaci da ya rage, kuma ta ina ake kama gado tun daga tushe? Sannan na ga wani malami a YouTube yana cewa farillan alwala shida ne, wani ma ya ce huɗu, to wanne zan rubuta? Allah ya saka da alheri.

Tsohon_ɗalibi ya amsa:

Wslm ƙanena. Kwantar da hankalinka tukuna, bak bulan dama don haka ake yin shi, gara ka sha wannan bakwan yanzu da ka sha shi a watan jarabawa. Ni ma ɗan zaure ne kamarka kuma irin ramin da ka faɗa shi na faɗa. Karatunmu na zaure karatun baki ne da kunne, malam ya biya maka ka maimaita ya fassara maka da Hausa ka tashi, ba wanda ya taɓa ce maka ɗauki bik ka rubuta min wannan da larabci cikin layi biyar. To jarabawa kuma hannu take tambaya. Abin yana kanka, hannunka ne bai saba fiddo shi ba.

Abu na farko, kalmar da aka buɗe tambaya da ita ita ce tambayar. In an ce arrif, ma'ana kawai ake so, lugatan wa isɗilahan, wato a harshe da kuma a wurin malaman fanni, layi biyu ko uku ka tsaya. In an ce uzkur, jero su. In an ce allil, dalili ake nema, mi ya sa. In an ce ƙarin, abu biyu za ka aje gefe da gefe ka nuna inda suka haɗu da inda suka rabu. Kai an ce maka Hudaibiyya ka tahi hijira, mai gyara kopi yana da abubuwan da yake nema ɗaya bayan ɗaya, in bai gan su ba ko ka cika kaye guda ba ya ba ka komi. Da ka rubuta cewa an aje yaƙi shekara goma, musulmi su koma a wannan shekara su dawo umara baɗi su yi kwana uku, wanda ya gudo daga Ƙuraishawa ba da izinin waliyyinsa ba a maida shi amma wanda ya koma wurinsu daga musulmi ba sai sun maido ba, kuma kowace ƙabila ta shiga alkawarin wanda take so, da ka kwashe rabin makin cikin layi shida.

Sira kuma kada ka karance ta kamar tatsuniya, yi mata tsani. Ni bayan kwalin sukari na samu na rubuta na liƙa a bango daidai inda nake shimfiɗa tabarma. Hijira 622 miladiyya. Badar shekara ta 2, ran 17 ga Ramadan. Uhudu ta 3. Handaƙ ta 5. Hudaibiyya ta 6. Haibara ta 7. Buɗe Makka ta 8, Hunainu na biye da ita a shekarar. Tabuka ta 9. Hajjin bankwana ta 10. Wafatin Manzon Allah SAW ta 11, wato 632. Kowane yaƙi ka ba shi tambaya huɗu, yaushe, mi ya jawo shi, yaya ya ƙare, wane darasi. In ka riƙe wannan tsanin ba sije na sira da zai zo maka baƙo.

Lokaci kuma, manta da dare a wannan zahin, kai ba ya ɗaukar komi. Daga sallame asuba zuwa lokacin da za ka ɗauki bido, ko minti arba'in ne, ya fi awa uku na dare. Gado dai na bar wa waɗanda suka fi ni.

Kabukabu227 ya amsa:

kai abokina kar ka wahal da kanka, gado tambaya guda ce, bar ta kawai ka haddace sira da hadisi ka nemi tsohin sije na shekarun baya wurin masu fotokopi, abin maimaita kansa yake. mu haka muka yi. kuma in ka samu na kusa da kai mai kirki a sal ai shikenan

Malamin_lise ya amsa:

Assalamu alaikum. Ɗana mai tambaya, Allah ya yi maka albarka da ba ka ɓoye ba. Kafin in shiga gado bari in ce wa mai kabu-kabu wani abu. Tsohin sije shawara ce mai kyau, a nema a yi su. Amma a bar gado, a'a. Shekaru nake gyaran kopi, kuma gado shi ne wuri guda a wannan fanni da yaro zai iya cinye makinsa cif ba wanda ya isa ya rage masa, don lissahi ne, in ya yi daidai ya yi daidai. A sira mai gyara na iya cewa bayaninka bai cika ba, a gado ba shi da ta cewa. Maganar leƙen na kusa kuwa, yaro ya zauna yana rubuta sharuɗɗan adalcin mai ruwaya yana satar amsa, ina dacewa a nan? Hadisin wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu yana cikin Muslim, kuma kun karanta shi a aji.

To ɗana, matso. Gado duka ayoyi uku ne ke riƙe da shi, a suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12 da ta 176. Tunda ka sauke, je ka karanta su yau da fassara a hankali. Rabon da Allah ya yanka guda shida ne, kuma layi biyu suke: rabi, rubu'i, tumuni, kowane rabin na gabansa ne. Sai sulusi biyu, sulusi, sudusi, su ma haka. Kuskuren ɗalibai shi ne suna ruga wa lissahi alhali ba su tantance wa ke ci wa ba ya ci ba. Mataki huɗu ne kuma kada ka tsallake ko ɗaya. Ka fara da wa aka kange, wato hajabu: ɗa namiji na kange ƴan uwan mamaci, uba na kange kaka namiji, uwa na kange kakanni mata. Sannan ka ba masu farali, wato masu yankakken rabo, nasu. Sannan ka nemo asalin mas'ala, wato lambar da za a kasa dukiyar a kanta. Abin da ya rage na asaba ne, wato magadan da ba su da yankakken rabo.

Mu ɗauki taka da ta kada ka. Mata, uwa, ɗiya maza biyu, ɗiya mace guda. Ba wanda aka kange. Mata tumuni saboda akwai ɗiya, da babu da rubu'i za ta ci. Uwa sudusi saboda dalilin nan dai. Har nan ka zo. Yanzu wace lamba ce mafi ƙanƙanta da 8 ke raba ta 6 ma ke raba ta? 24. Shi ne asali. Tumunin 24 shi ne 3, na mata. Sudusinsa 4, na uwa. An cire 7, saura 17, na ɗiya ne, namiji rabon mace biyu. Ƙirga kawuna, namiji biyu biyu mace ɗaya, 5 kenan. 17 ba ta rabuwa gida 5 ba tare da an fasa ba, to nan ne kuke tsayawa, kuma maganin abu ne mai sauƙi, shi ake kira tashihi: ka ninka asali da adadin kawunan, 24 sau 5, 120. Kowa ka ninka nasa da 5. Mata 15, uwa 20, ɗiya 85. Raba 85 gida 5, 17. Mace 17, kowane namiji 34. Tara su ka gani, 15 da 20 da 34 da 34 da 17, 120 cif. In ba su koma asali ba akwai kuskure, kada ka miƙa kopi ba ka yi wannan tarawar ba.

In sun ba ka kuɗi, a ce ya bar miliyan guda da jika ɗari biyu bayan an cire likkafani da bashi da wasiyya, raba shi gida 120, kowane kaso jika goma. Mata jika 150, uwa jika 200, ɗiya mace jika 170, kowane namiji jika 340. Ka lura na ce bayan an cire, don wani lokaci sije na saka bashi ko wasiyya a ciki da gangan, kuma wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji.

Sauran abu biyu da ke yawan fitowa. Na ɗaya auli, lokacin da rabon ya fi asali yawa. Mace ta bar miji da ƴan uwa mata shaƙiƙai biyu, wato uwa ɗaya uba ɗaya da ita, miji rabi, su sulusi biyu, asali 6, miji 3 su 4, ya zama 7. Kada ka firgita ka ce ka yi kuskure, sai a maida asalin 7 kowa ya ɗan ragu, haka aka hukunta tun zamanin Sayyidina Umar. Asali uku kaɗai ke yin auli, 6 na tahiya 7, 8, 9, 10, sai 12 na tahiya 13, 15, 17, sai 24 na tahiya 27 kawai. Haddace wannan, kai da hadda ba ta ba ka wuya. Na biyu, in mamaci ya bar uwa da uba da miji ko mata kaɗai, uwa sulusin abin da ya rage take ci ba sulusin dukiya duka ba. Miji da uwa da uba, asali 6, miji 3, uwa 1, uba 2.

Batun YouTube. Waɗannan malamai ba ƙarya suka yi ba, shida na Shafi'iyya ne, huɗu na Hanafiyya, mu Malikiyya bakwai saboda muna ƙirga niyya da cuɗawa da jerantawa ba tare da jinkiri ba. Haka kabli da ba'adi, sujadar mantuwa a sallah, a wurinmu ragi kabli, ƙari ba'adi, in sun haɗu kabli ya rinjaya, wasu mazhabobi ba haka suka tsara ba. Ka rubuta abin da ke cikin kayenka na aji, da shi za a gyara. Ilimin saɓani yana nan yana jiranka in Allah ya kai ka Say, yanzu kada ka haɗa wa kanka tukunya biyu a murhu guda.

Ga aiki. Ta farko: mace ta rasu ta bar miji, uwa, ɗiya mace guda, da ɗan uwa shaƙiƙi. Ta biyu: miji, uwa, ƴan uwa mata shaƙiƙai biyu. Yi su da bik a takarda ka kawo nan in gani. Kullum mas'ala biyu, ba a fafe gora ranar tahiya.

ƴar_Zango ta amsa:

Allah ya ƙara wa Malam lahiya, wlh da na samu wannan bayanin bara da ban sha kuka ba. Ƙanena ni abin da zan ƙara maka kaɗan ne. Ni zakka ce ta riƙa ruɗa ni, lambobin nan na dabbobi sai su cakuɗe min, raƙumi da shanu da tumaki. Abin da ya taimake ni, na daina karanta su a kaye na koma ina yi wa innata bayani da yamma muna tsintar shinkafa. Sai in ce mata Inna, mai tumaki 40 tunkiya guda zai fidda har su kai 120, in sun kai 121 biyu, in sun kai 201 uku. Ita kuma sai ta ce to kawunku na ƙauye da ke da talatin da ƴan kai fa, in ce babu komi a kansa tukuna sai sun cika arba'in kuma shekara ta zagayo. Shanu daga 30 ake farawa da maraƙi tabi'i, 40 musinna, wato babbar saniya. Raƙumi daga 5, kuma akuya ko tunkiya ake fiddawa ba raƙumi ba, wannan ya daɗe yana ba ni mamaki. Hatsi wasaƙi 5, kowane wasaƙi sa'i 60, gero na damina ushiri ne kashi ɗaya cikin goma, na rani da ake ba ruwa da wahala rabin haka. Da ta tambaye ni abin da ban sani ba sai in ruga in duba, kuma wanda na duba saboda tambayarta har yau bai hita kaina ba. Mutum takwas da ake ba zakka kuma aya guda ce, ta 60 a suratut Tauba, ka rubuta ayar ka ja layi ƙarƙashin kowane.

Kuma dan Allah ka gaya wa Inna makinka. Ni na ɓoye nawa wata guda ina ta ramewa, ranar da na faɗa ba ta yi faɗa ba, ƙanena ta ɗora wa ɗibar ruwan safe har na gama jarabawa. Ba za su rage maka aiki ba in ba su san halin da kake ciki ba, kuma addu'arta ma sai ta fi sanin inda za ta dosa.

Sai larabcin rubutu. Mu ƴan zaure muna da kalmomi amma hamza da ta marbuɗa suna cin mu. Mu huɗu muka riƙa haɗuwa ranar Lahadi, kowa ta rubuta amsar tambaya guda cikin minti goma sha biyar da agogo, mu musanya kaye mu gyara wa juna da jan bik ba sani ba sabo. Sharuɗɗan hadisi sahihi guda biyar ɗin nan, saduwar isnadi, adalcin mai ruwaya, kiyayewarsa, rashin shuzuzi, rashin illa, sau nawa na faɗe su da baki daidai amma ranar farko da na rubuta su kuskure uku ƙawata ta fiddo min. Ka nemi ko mutum biyu a ajinku, amma masu yi da gaske, ba gurup na WhatsApp da za a cika da sitika ba.

ɗan_Garin_Malam ya amsa:

Na gode ƙwarai Yaya, na gode Anti, Allah gafarta Malam ban san da bakin da zan gode ba. Kwalin sukari na samu a shagon baba na riga na liƙa. Ga aikin, bayan asuba na yi shi.

Ta farko, miji rabi, uwa sudusi, ɗiya rabi, asali 6, miji 3 uwa 1 ɗiya 3, ya zama 7 kenan ta yi auli ɗan uwa bai samu komi ba. Ta biyu miji rabi 3, ƴan uwa mata sulusi biyu 4, uwa na so in ba ta sulusi sai na tuna ayar ta ce in akwai ƴan uwa sudusi ne, na ba ta 1, duka 8, auli daga 6 zuwa 8. Ban sani ba ko na yi daidai.

Malamin_lise ya amsa:

Ta biyu daidai ce ɗana, 8, kuma na ji daɗi da ayar ce ta tsayar da kai ba hadda ba.

Ta farko sake dubawa. Ka ba mata tumuni jiya saboda akwai ɗiya, to mi ya sa yau ka ba miji rabi alhali matar ta bar ɗiya? Ɗa ko ɗiya, namiji ko mace, nasa ne ko na wani mijin, yana sauko da miji daga rabi zuwa rubu'i. Ka koyi auli jiya sai idonka ya fara ganinsa ko'ina, duk ɗalibai haka suke yi a satin farko. Sa rubu'i ka sake neman asali, 6 ba za ta yi maka ba yanzu. Ba zan faɗa maka amsar ba.

ɗan_Garin_Malam ya amsa:

Na gani Malam. Rubu'i da sudusi da rabi, asali 12. Miji 3, uwa 2, ɗiya 6, an cire 11, saura 1 na ɗan uwa shaƙiƙi don shi asaba ne kuma ɗiya mace ba ta kange shi. Na tara sun koma 12.

Na gaya wa Inna jiya da dare Anti, ta yi shiru ta ce gobe ƙanena zai ɗauki bido. Malam in da hali a ƙaro min biyu na gobe, kuma a sa min mai bashi da wasiyya a ciki don ita ban taɓa gwadawa ba.